Muhawara: Antioksidan da ciwon jijiya mai daɗewa, wanne ke aiki, kuma ga wa?

Sista Rabi: Assalamu alaikum. Likitocinmu da masu harhaɗa magani, ina so a warware mana wata magana. Masu ciwon suga da ƙafafunsu ke zugi da daddare, da zafi kamar wuta, da suka, da minjiryar da ba ta sakin mutum, da yawansu yanzu suna haɗa maganin da likita ya rubuta da alfa-lifoyik asid. Wasu bitamin E suke sha, wasu kuma kwalbar da aka cusa abubuwa barkatai a ciki aka rubuta mata "don jijiya". Wanne ne ke da hujja? Nawa ake sha, har tsawon wane lokaci, kuma wa bai kamata ya taɓa ba?

Dakta Hadiza: Wa alaikumus salam, Sista. Bari in fara da dalilin da ya sa aka yi tunanin antioksidan, wato sinadaran da ke kare ƙwayoyin jiki daga ɓarnar oksijin, tun farko, don ba a banza ba ne. Ƙwayar jijiya ba ta jiran insulin kafin suga ya shiga cikinta. Idan ya yi yawa a jini, haka zai yi yawa a cikinta. Mitokondiriya, wato ɓangaren ƙwaya da ke ƙona suga ya samar da ƙarfi, sai aiki ya yi masa yawa ya riƙa zubar da ɓurɓushin oksijin mai ɓarna. A lokaci guda kuma wani sashe na sugan yana bin wata hanya ya koma sobitol, hanyar nan kuwa tana cinye NADPH, wanda shi ne jiki ke amfani da shi wajen sabunta gulutatayon, babban makarin da ƙwaya ke da shi. Ɓarna ta ƙaru, kariya ta ragu. Ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da jijiyar su ma suna tsukewa. Michael Brownlee ya tattara wannan bayani a mujallar Nature a 2001. Kamar tsatsa ce a ƙarfe, a hankali take ci, kuma jijiyoyin da suka fi tsawo take fara kamawa, shi ya sa ciwon ke farawa daga yatsun ƙafa biyu a tare ya riƙa hawa sama.

A cikin duka antioksidan ɗin nan, alfa-lifoyik asid, wanda za mu riƙa kira ALA, shi ne aka fi gwadawa a kan mutane. Gwajin ALADIN da aka buga a 1995 a Jamus ya ɗauki mutum 328, aka ba su ta ƙarin ruwa na mako 3. Miligiram 600 a rana ya rage alamomin ciwon fiye da ruwan da babu magani a ciki, 100 bai taka kara ya karya ba, 1200 kuma bai ƙara komai ba sai illa. A 2006 aka buga SYDNEY 2, mutum 181, ƙwaya ta baki, mako 5. Makin alamomin ya sauka da kashi 51 cikin 100 a masu shan 600, kashi 48 a masu 1200, kashi 52 a masu 1800, ya sauka da kashi 32 a masu shan ƙwayar holoƙo, wato wadda babu magani a cikinta. Tashin zuciya da amai da jiri kuwa suna ƙaruwa gwargwadon yawan da aka sha. Saboda haka 600 sau ɗaya a rana shi ne ma'auni.

Dakta Kabiru: Dakta Hadiza, alƙalumanki daidai ne, amma kin tsaya a inda labarin yake da daɗi. Mako 3, mako 5. Ciwon da muke magana a kai na shekaru ne. A ALADIN III, wanda aka buga a 1999, mutum 509, bayan ƙarin ruwa na mako 3 an ci gaba da ba da 600 sau uku a rana na wata 6, kuma a ƙarshe alamomin masu shan maganin ba su bambanta da na masu shan holoƙo ba. NATHAN 1 na 2011 shi ne mafi tsawo, mutum 460, shekara 4, bai cimma babban abin da aka shirya aunawa ba. Sannan a 2024 masu bitar Cochrane, ƙungiyar da ke tattara sakamakon gwaje-gwajen magani, suka ware gwaje-gwajen da suka kai aƙalla wata 6, suka samu guda 3 kacal, mutum 816, suka ce da alama amfaninsa a kan alamomin kaɗan ne ko ma babu. A ƙara da cewa kamfanin da ke yin maganin ne ya ɗauki nauyin manyan gwaje-gwajen farko. Hakan bai mayar da su ƙarya ba, amma yana sa mutum ya karanta da ido biyu.

Ki kuma lura da kashi 32 ɗin nan na masu shan holoƙo. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ciwon ya tafi ba tare da magani ba. Duk wanda ya ce "na sha na ji sauƙi" ba ƙarya ya yi ba, sai dai maganarsa ba ta nuna cewa ƙwayar ce ta yi aikin.

Dakta Hadiza: Ban musa ba, Dakta, amma NATHAN 1 ba gwajin zugi ba ne. An ɗebi masu lalacewar jijiya mai sauƙi zuwa matsakaiciya ne don a ga ko maganin zai hana ta ci gaba, sai ya zama masu shan holoƙon ma ba su taɓarɓare yadda aka zata ba a cikin shekara 4 ɗin. Idan abokin gwajin bai faɗi ba, da me za ka nuna cewa ka tallabi naka? Duk da haka an ga ɗan ci gaba a gwajin da likita ke yi da hannu, na ji da ƙarfin tsoka. Abin da nake karewa ɗan ƙarami ne: ga mai ciwon suga da ke fama da zugi, wanda maganin farko ya sa shi barci da jiri har ya kasa aiki, ko tsoho mai ƙoda mai rauni, gwada ALA na ɗan lokaci abu ne mai ma'ana. Ban ce yana gyara jijiyar da ta mutu ba.

Dakta Kabiru: A kan wannan mun haɗu, da sharaɗin a sa masa wa'adi tun ranar farko.

Malam Nura: Ku ba ni dama in shiga ta ɓangaren harhaɗawa, don da yawan waɗanda ke cewa bai yi musu aiki ba, shan ne ba su yi daidai ba.

Abin da ke isa jini daga ƙwayar ALA bai wuce kusan kashi 30 cikin 100 ba, hanta tana cinye mai yawa tun a zagayen farko, kuma rabin abin da ya shiga yana ɓacewa daga jini cikin kusan minti 30. Abinci yana ƙara rage shigarsa. Saboda haka ana haɗiye shi da ruwa da safe, ciki babu komai, minti 30 kafin karin kumallo, ba a taunawa. Yana kama ƙarfe, don haka kada a haɗa shi lokaci ɗaya da ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe (ayon), ko magnesiyam, ko kalsiyam, ko madara. In an sha ALA da safe, a bar waɗannan zuwa rana ko dare. Giya tana rage amfaninsa, ita kanta ma guba ce ga jijiya. Fitsari na iya canza wari, wannan ba abin tsoro ba ne.

Na ƙarin ruwa aikin asibiti ne. Miligiram 600 a cikin mililita 250 na ruwan gishiri mai kashi 0.9, a bar shi ya sauka a hankali, kada ya gaza minti 30. Haske yana lalata shi, don haka sai an tashi sakawa ake haɗawa, a naɗe jakar da takardar alminiyam, kuma ko a naɗe ɗin bai kamata ya wuce kusan awa 6 ba. Ba a haɗa shi da ruwan gulukos ko ruwan Ringer. Idan aka sake shi da sauri, mara lafiya kan ji nauyin kai da ƙuncin numfashi. Jakar da aka rataye tsirara kusa da taga, Allah kaɗai ya san abin da ya rage a cikinta.

ALA nau'i biyu ne, R da S, kuma akwai masu tallata nau'in R kaɗai suna cewa ya fi ƙarfi. Gaskiya ne R shi ne wanda jiki ke yi da kansa, amma manyan gwaje-gwajen da Dakta Hadiza ta ambata da gaurayen R da S aka yi su. Mai son bin hujja, gaurayen zai nema.

Sista Rabi: Malam Nura, na gode. To batun faɗuwar suga fa? Ana cewa yana saukar da shi.

Dakta Hadiza: Iri biyu ne, Sista, kuma dole a bambance su. Na farko mai sauƙi ne: ALA yana ɗan ƙara wa jiki karɓar insulin, don haka mai yin allurar insulin ko mai shan irin su gilibenkilamaid ya ƙara yawan awon suga a makonnin farko, a rage masa magani idan ya fara sauka ƙasa da 70 mg/dL.

Na biyu ba kasafai ake ganinsa ba amma yana da haɗari. A wasu mutane masu wani nau'in gado a garkuwar jiki, musamman HLA-DRB1*04:06 da *04:03, sinadarin salfa da ke cikin ALA yana sa garkuwar jiki ta ƙera abin da ke kama insulin. Bayan cin abinci sai insulin ɗin ya maƙale, suga ya hau, jiki ya ƙara zubo wani, can bayan sa'o'i sai duk ya saku a lokaci guda, suga ya faɗi warwas. Ana kiransa ciwon Hirata, da sunan likitan Japan da ya fara bayyana shi a 1970, kuma yana iya kama wanda ba shi da ciwon suga kwata-kwata. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta fitar da matsaya a kansa a 2021. Alamarsa gumi, karkarwa, yunwa mai tsanani, ruɗewa ko suma, kwanaki ko makonni bayan fara shan ƙwayar. A daina nan take, a auna insulin a jini tare da abin da ke kama shi. Yawanci yana lafawa cikin 'yan watanni idan an daina, ana cin abinci kaɗan-kaɗan a kai a kai, wasu kuma sai an ba su siteroid.

Malam Nura: A kuma ɓoye kwalbar daga yara. Ana ɗaukarsa kamar bitamin, alhali yaron da ya haɗiyi da yawa zai iya shiga jijjiga, jininsa ya yi tsami, gaɓoɓi su tsaya. An samu mace-mace a manya ma da suka sha giram da yawa.

Dakta Umaima: Ina bin maganar tun ɗazu, kuma duk a kan ciwon suga kuke. Ina roƙon kada wani ya ɗauki wannan ya kai wa mai shan kemo, wato maganin cutar kansa. A can labarin ya sha bamban.

Magungunan cutar kansa irin su fakilitaksel, oksalifilatin da sisfilatin suna lalata jijiyoyin hannu da ƙafa, kuma a ɓeraye antioksidan sun yi ta ba da kariya. Da aka zo kan mutane sai abin ya watse. An ba masu shan kemo 207 bitamin E miligiram 400 sau biyu a rana ko holoƙo, aka buga sakamakon a 2011, babu bambanci. An gwada ALA 600 sau uku a rana a mutum 243, sai 70 ne kawai suka kai ƙarshen mako 24, kuma ba a ga amfani ba. Mafi muni shi ne asetil-L-kanitin, wanda ake yawan cusawa cikin kwalaben "jijiya". A gwajin da aka buga a 2013, mata 409 masu kansar mama, miligiram 3000 a rana, a mako na 24 masu shansa sun fi masu holoƙo lalacewar jijiya, kuma da aka bi su har shekara 2 bambancin bai gushe ba. Shi ya sa ƙungiyar likitocin kansa ta Amurka, ASCO, a ƙa'idojinta na 2020 ta ce kada a ba da shi don rigakafi, ta ce babu wani magani da take ba da shawara a kai don rigakafin, kuma duloksetin kaɗai ta amince da shi ga wanda zugin ya riga ya kama.

Akwai kuma fargabar da ta fi wannan. Gashin da ake yi wa cutar kansa da haske, da wasu magungunan kemo, suna kashe ƙwayar cutar ne ta hanyar ɓurɓushin oksijin ɗin nan da ake ƙoƙarin sharewa. Wani bincike na bin diddigi da aka buga a 2020 a kan masu kansar mama ya ga alamar cewa waɗanda suka sha antioksidan kafin kemo da lokacinsa cutar ta fi dawo musu. Bin diddigi ne, bai tabbatar da sanadi ba, amma ba abin da za a yi caca da shi ba ne. Mai shan kemo kada ya ƙara komai sai likitansa ya sani.

Dakta Kabiru: Abin da ya faru da kanitin darasi ne babba, don shi ɗin a ciwon suga ya ɗan nuna alamar rage zugi: gwaje-gwaje biyu na mako 52 da aka buga tare a 2005, mutum sama da 1,200, a ma'aunin miligiram 1000 sau uku a rana. Ƙwaya ɗaya, nan ta ɗan taimaka, can ta cutar. Ciwon jijiya ba cuta ɗaya ba ce, sanadinsa ne ke yanke hukunci.

Kuma jiki yana buƙatar wani adadi na ɓurɓushin oksijin ɗin. Da shi ƙwayoyin garkuwa ke kashe cuta, da shi ƙwayoyi ke aika wa juna saƙo. A ɓera ana ba da maganin kafin a ji wa jijiyar rauni ko jim kaɗan bayan haka, wani lokacin kai tsaye cikin laka. Mara lafiya kuwa yana zuwa ne bayan shekaru, lokacin da laka da ƙwaƙwalwa suka riga suka saba da ƙara wa saƙon zugi ƙarfi. Share abin da ya kunna wutar a lokacin ba lallai ya kashe ta ba.

Sista Rabi: To bitamin E ga mai ciwon suga fa, Dakta? Shi ne aka fi sha.

Dakta Kabiru: Hujjarsa a zugin ciwon suga ba ta da ƙarfi, haɗarinsa kuma sananne ne. A gwajin SELECT, maza sama da 35,000, masu shan yunit 400 a rana sun fi kamuwa da kansar furostet da kashi 17 cikin 100, kamar yadda aka buga a 2011. Yana kuma ƙara zubar jini ga mai shan wafarin ko asfirin. Inda yake magani na gaske shi ne inda aka auna aka ga ƙarancinsa, kamar masu cutar da ke hana hanji tsotse maiƙo.

Dakta Umaima: Bitamin C ma yana da nasa ɗan gurbin, amma rigakafi ne bayan karaya, ba maganin tsohon ciwo ba. A Holan, Zollinger da abokan aikinsa sun ba masu karayar wuyan hannu miligiram 500 a rana na kwana 50, suka buga a 1999 cewa ciwon nan na zugi da kumburi da canjin launin fata da ke biyo bayan rauni, CRPS, ya kama kashi 7 cikin 100 maimakon 22. Sun maimaita a 2007 suka ga 1500 bai fi 500 ba. Sai dai wani gwaji a Sikotland a 2014 bai ga amfanin ba. Mai tsakuwar ƙoda ko ƙoda mai rauni ya yi hattara da shi, mai ƙarancin sinadarin G6PD a jini kuma kada a saka masa mai yawa ta jijiyar jini, jininsa zai iya fashewa.

Malam Nura: Sista, kwalaben haɗe-haɗen da kika ambata, ki juya bayansu ki duba bitamin B6. Shi ba antioksidan ba ne amma kusan kullum yana ciki, kuma idan ya yi yawa shi da kansa yana kashe jijiyoyin ji. Tun 1983 aka bayyana hakan. Amurka ta sa iyakar miligiram 100 a rana, Tarayyar Turai ta sauko da tata zuwa 12 a 2023, Ostireliya kuma tana tilasta gargaɗi a kan duk abin da ya wuce 10. Mutum na shan kwalba biyu ko uku kowace da nata B6, ƙafa na ƙara mutuwa, shi kuma yana ƙara ƙwaya. A tara jimillar daga duk abin da yake sha. Kuma da yake a ƙasashe da yawa ana sayar da waɗannan a matsayin ƙarin abinci, ba a tantance su kamar magani, abin da aka rubuta a jiki ba kullum ne yake daidai da na ciki ba. A nemi ALA shi kaɗai, mai lambar rajista.

Dakta Hadiza: Bari in tsara yadda za a bi idan an yanke shawarar gwadawa. Kafin komai a tabbatar ciwon na suga ne. A auna HbA1c (matsakaicin sugan jini na 'yan watannin baya), aikin ƙoda, aikin tayroid na maƙoshi, da bitamin B12, musamman ga wanda ya daɗe yana shan metfomin, don yana rage B12, kuma ƙarancinsa yana kwaikwayon wannan ciwo sak. A tambayi giya da magunguna irin su isoniyazid na tarin fuka. A gwada tafin ƙafa da zaren awo mai giram 10 da ƙarfen rawa mai kaɗawa sau 128 a daƙiƙa. Idan gefe ɗaya ne kawai, ko tsoka ta yi rauni, ko abin yana gudu cikin makonni, ko ya taɓa riƙe fitsari, wannan ba na ƙwayar ƙarin abinci ba ne, likitan jijiya za a tura.

Magungunan farko suna nan a matsayinsu: duloksetin daga miligiram 30 zuwa 60, amitiriftilin daga miligiram 10 da daddare, firegabalin ko gabafentin da ake daidaitawa da ƙarfin ƙoda. Gwajin OPTION-DM na Birtaniya a 2022 ya nuna amitiriftilin da duloksetin da firegabalin kusan kunnen doki suke, kuma haɗa biyu yana taimaka wa wanda ɗaya bai wadatar ba. Daidaita suga ma ba a barinsa. A gwajin DCCT na 1993, masu ciwon suga nau'i na 1 da aka tsananta musu kulawa lalacewar jijiya ta ragu da kusan kashi 60 cikin 100, ko da yake a nau'i na 2 amfanin bai kai haka ba.

Sai ALA. Mara lafiya ya rubuta makin zuginsa daga 0 zuwa 10 kowane dare na mako guda kafin ya fara, da sau nawa ciwon ke tashinsa daga barci. Ya fara 600 da safe, kada a canza wani magani a lokacin, in ba haka ba ba za a san wanda ya yi aikin ba. A duba a mako na 6. Idan makin bai sauka da aƙalla kashi 30 cikin 100 ba, a daina, kada a ninka. Mai ciki da mai shayarwa a bar su, babu isassun bayanai a kansu.

Dakta Kabiru: In ƙara abu ɗaya a kan wanda ya ce ya ji sauƙi. Bayan wata 3 a dakatar da ƙwayar na mako 2 yana ci gaba da rubuta makin. Idan zugin ya dawo, a mayar. Idan bai dawo ba, ba ya buƙatarta. Kuma a sake sa zaren awon a tafin ƙafarsa, don zugi kan lafa idan jijiyar ta ƙarasa mutuwa, mutum yana murna ya warke alhali ƙafar ta daina jin ƙaya ne. Wanda bai ji zaren ba, a koya masa duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu kullum, da gwada zafin ruwan wanka da gwiwar hannu, kuma kada ya taka ƙasa babu takalmi.

Sista Rabi: Dakta, zaren a wurare nawa ake taɓawa?

Dakta Kabiru: Aƙalla uku a kowace ƙafa: ƙasan babban yatsa, da tudun da ke gindin yatsa na farko, da na biyar. Idonsa a rufe, ki danna har zaren ya lanƙwashe, ki riƙe kamar daƙiƙa 2 ki ɗaga. Ki kauce wa kantar fata da gyambo da tabo. Kowane wuri sau uku, ɗaya daga ciki ki tambaya ba tare da kin taɓa ba, don ki gane mai amsawa da ka.